Maki 471 Ba Bisa 1.000 Ba Ne: Yadda Ake Karanta Sakamakon Awon Ƴan Lakwal

A garin Tawa da ƙauyukan arewacin Adar, tun daga Barmu da Afala har Takanamat, uban da bai taɓa zama bisa bencin lakwal ba ma ya san ma'anar 5 bisa 10. In yaro ya kawo takardar sakamako daga ƙaramar makaranta da 5 ko fiye, ya tsira; in ya gaza haka, akwai magana da dare. A kwaleji da lise, irin su Lise Agabba ta Tawa, lissafin bisa 20 ne, rabinsa 10. Wannan awo ya zauna a zukatan jama'a tun zamanin mulkin Faransa, har ya zamana duk lambar da aka ambata game da karatun yara, tambayar da ke fara fitowa ita ce: bisa nawa?

To, akwai wata irin lamba wadda wannan tambaya ba ta da amsa a gare ta. A shekarar 2014 aka auna ƴan aji na shida, wato CM2, na ƙasashe goma na Afirka, aka ce yaran Nijar sun samu maki 403,5 a karatu da 405,8 a lissafi. A shekarar 2019 aka sake awon, aka ce sun samu 471 a karatu da 461,8 a lissafi. Wanda ya saba da takardar lakwal sai ya ɗauka bisa 1.000 ne, ya ce ashe yara sun tashi daga 4 bisa 10 sun kusa kai rabi. Wanda yake da dangi a Sakkwato, ya san jarrabawar shiga jami'a ta Najeriya bisa 400 take, sai ya ce ai wannan ya wuce iyaka. Duka biyun sun kauce hanya, domin lambar ba bisa 1.000 take ba, ba bisa 400 ba, ba kuma bisa komi ba.

Inda awon ya fito

Sunan wannan awo PASEC. Taron ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci, wanda ake kira CONFEMEN, mai mazauni a Dakar, shi ne ya kafa shi a shekarar 1991. Shekaru da dama ana auna ƙasa ɗaya ko biyu a lokaci guda, kowace da nata tsari. Sai a 2014 aka auna ƙasashe goma tare, da ma'auni ɗaya: Benin, Burkina Faso, Burundi, Cadi, Kamaru, Kodibuwa, Kwango, Nijar, Senegal da Togo. A 2019 aka ƙara huɗu, wato Gabon, Gini, Madagaska da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A 2014 da 2019, aji biyu aka auna, na biyu da na shida, a fanni biyu, harshe da lissafi, wajen ƙarshen shekarar karatu.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya hana a tattara makin da malamai ke bayarwa cikin azuzuwa, a haɗa, a raba, a huta? Abin da ya hana shi ne, makin aji tiya ne, ba sikeli ba. Kowa ya san tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba, kuma ko a kasuwa guda, akwai mai awo da tozo, akwai mai shafewa. Haka mushe yake da alƙalaminsa. Wani 6 ɗinsa ta fi 8 ta wani tsada. Waɗanda suka yi lakwal a da suna tune da dokar dikte, inda kuskure biyar ke jawo sifiri: yaron da ya yi kuskure biyar da wanda ya yi arba'in makinsu ɗaya, alhali tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Ko a kwaleji, inda lissafin ya fi tsari, lambar tana canjawa da nauyin da aka ba kowane fanni. A ce ɗalibi ya samu 14 a fannin da nauyinsa 1, ya samu 8 a fannin da nauyinsa 3. In aka haɗa su kai tsaye aka raba biyu, yana da 11, ya wuce. In aka bi nauyi, 14 da 24 sun zama 38, a raba huɗu, ya tashi da 9,5, ya faɗi. Yaro ɗaya, sani ɗaya, hukunci biyu. Irin wannan maki yana da amfani cikin aji, inda malami ya san yaransa, amma ba za a iya ɗora makin Kaita kusa da na Dakar ko na Bujumbura a ce an kwatanta ba.

Ba yawan amsa kaɗai ake dubawa ba

Masu awon PASEC suna shirya tambayoyi masu yawa, fiye da abin da yaro ɗaya zai iya amsawa ba tare da ya gaji ba. Saboda haka, a aji na shida, sai a rarraba su cikin ƙananan littattafai dabam-dabam, wannan yaro a ba shi ɗaya, na kusa da shi a ba shi wani. Amma ana shirya littattafan ta yadda kowanne zai yi tarayya da wani a wasu tambayoyi. Waɗannan tambayoyin tarayya su ne igiyar da ke ɗaure littattafan wuri guda. Ta hanyarsu ake gane wace tambaya ce mai sauƙi, wadda kusan kowa ya ci, da wadda take da wuya, wadda ba mai cin ta sai ƴan kaɗan, su ma waɗanda suka riga suka ci sauran. Da an san nauyin kowace tambaya, sai a duba abin da yaro ya amsa, a aje shi a gurbin da ya dace da shi bisa ma'aunin.

Mutanen Tawa, garin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a shekarar 1975, ba su buƙatar dogon bayani a nan. Ɗan kokowar da ya kada sabbin shiga uku da wanda ya kada manyan gwanaye uku, in ƙidaya aka bi, kaye uku-uku gare su. Amma ba wanda ya san fili da zai ce ƙarfinsu ɗaya. Haka yaro biyu za su iya cin tambaya 15 kowannensu, a littattafai dabam, ɗaya ya tashi da maki sama da ɗaya, domin nasa tambayoyin sun fi tauri. Ba zalunci ba ne. Rashin yin hakan ne zai zama zalunci.

Bayan an jera yaran ƙasashe goma ɗin nan bisa ma'auni, daga mai rauni zuwa gwani, sai aka nemi lambobin da za a rubuta a jikinsa. Aka kafa turke a tsakiya, daidai matsakaicin ƙasashen goma, kowace ƙasa da nauyi ɗaya, aka sa masa suna 500. Da an so, da an kira shi 50 ko 1.000, ba abin da zai canja. Sa'an nan aka duba yadda yara suka saba watsuwa gaba da bayan turken, aka kira wannan tazara 100. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, kusan yara biyu cikin uku suna tsakanin 400 da 600. Saboda haka 500 ba rabin komi ba ce, ba kuma makin cin jarrabawa ba ce. Ma'aunin ba shi da rufi da za a ce wanda ya kai can ya cinye duka, kuma sifirinsa ba shi ne rashin sani ba. Lambar tana faɗin wuri ne: ina yaro yake tsaye, gaba ko bayan turke, kuma da wace tazara.

Da wannan ido, 403,5 ta 2014 magana ce mai nauyi ƙwarai, ta fi 4 bisa 10 zafi nesa. Tana nufin matsakaicin yaron Nijar yana bayan turke da kusan tazara guda cur, a wurin da, cikin yaran ƙasashen goma, kusan biyar cikin shida suna gabansa. A wannan shekara Senegal ta samu 548 a karatu, Burundi ta samu kusan 594 a lissafi, Nijar ce ta zo ƙarshe a fannonin biyu.

Matakai da iyaka

Amma sanin gaba da baya bai isa ba. Mai yiwuwa ne duka ƙasashen goma su kasance da rauni, wanda ke gaba ya zama mai ido ɗaya ne kawai a garin makafi. Domin haka aka yanka ma'aunin mataki-mataki, aka rubuta abin da yaron da ke kowane mataki yake iya yi. A nan ne ainihin amfanin awon yake, kuma a nan ne mafi yawan masu ambaton lambar ba su tsayawa.

A karatun aji na shida, mataki na 1 yana farawa daga maki 365. Yaron da ke nan yana iya haɗa baƙaƙe, ya gane kalmomi ɗai-ɗai na zaman yau da kullum, amma in aka ba shi ɗan labari sai ma'anar ta kuɓuce masa. Mataki na 2 yana farawa daga kusan 442: yaro yana iya tono abin da aka faɗa ɓaro-ɓaro cikin gajeren rubutu, kamar sunan mutum ko ranar da abu ya faru. Mataki na 3 yana farawa daga 518: yana iya haɗa magana biyu da ke wurare dabam cikin rubutu, ya kuma gane abin da ba a faɗa ba amma ake nufi, in mai sauƙi ne. Mataki na 4, daga 595, shi ne na yaron da ke riƙe rubutu gaba ɗayansa, har ya gane manufar wanda ya rubuta shi. Wanda bai kai 365 ba, yana ƙasa da matakan duka.

Tsakanin mataki na 2 da na 3, wato a kan 518, aka ja layin da ake kira iyakar isasshen sani. Wanda ya tsallake ta ana sa ran zai iya bin karatun kwaleji ba tare da ya nutse ba. Wanda bai kai ba, ko ya shiga, yana cikin haɗarin zama baƙo a aji. A lissafi iyakar tana kan 521,5, inda mataki na 2 ke farawa, domin shi matakansa uku ne. A lura: iyakar tana gaban turken 500, ba a kansa ba. Ƙasa tana iya samun 500 cif, yaranta fiye da rabi ba su tsallake ba.

Ga yadda ƴan aji na shida na Nijar suka rabu a karatu a 2014. Cikin kowane 100, kusan 32 ba su kai ko mataki na 1 ba, 42 suna mataki na 1, kusan 18 suna na 2, waɗanda suka tsallake iyaka kuwa 8 ne da rabi. A lissafi, fiye da 68 cikin 100 suna ƙasa da mataki na 1, waɗanda suka tsallake ba su cika 8 ba. Dattijon da ya sauke karatunsa a ajin yaƙi da jahilci, wanda ya san wahalar da ke tsakanin gane baƙi da gane wasiƙa, zai fahimci wannan rabo fiye da yadda zai fahimci 403,5: a ajin yara 50 masu shekara shida a lakwal, huɗu ne kacal ke karanta labari su gane abin da ke bayan kalmominsa.

Daga 2014 zuwa 2019

Da aka zo awon 2019, ba a tumɓuke turken ba. An maimaita wasu daga cikin tambayoyin 2014, aka yi amfani da su wajen ɗora sabon sakamako bisa tsohon ma'auni. Wato 500 ta 2019 tana nan inda aka kafa ta a 2014, ba matsakaicin ƙasashe 14 ba ce. Wannan shi ya sa ake iya cewa da gaske an yi gaba: daga 403,5 zuwa 471 akwai maki 67 da rabi, kashi biyu cikin uku na tazara guda, cikin shekara biyar. A lissafi ƙarin ya kai 56. Waɗanda suka tsallake iyaka a karatu sun tashi daga 8 da rabi zuwa kimanin 30 cikin 100, a lissafi kuma zuwa kimanin 22. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi kowa ci gaba tsakanin awon biyu, kuma ba daidai ba ne a raina wannan.

Ba daidai ba ne kuma a kai shi inda bai kai ba. Maki 471 yana cikin mataki na 2, saura 47 ya isa iyaka. Ma'anarsa, a 2019, yara bakwai cikin goma suna gama aji na shida ba su tsallake ba. Wanda ya ce makin ya ƙaru da kashi 17 cikin 100, domin ya raba 67 da 403, shi ma ya yi lissafin banza, tun da yake ma'aunin ba daga sifiri na gaskiya ya faro ba. Kuma lambar ba ta faɗin dalili. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, an kuma yi abubuwa tsakanin shekarun biyu, ciki har da jarrabawar da hukuma ta yi wa malaman kwantaragi a 2017. Amma awon ya nuna an matsa ne kawai. Wane aiki ya kawo matsawar, wannan bincike ne na dabam.

Abin da lambar ba ta gani

Ba dukan yara aka auna ba. A 2014, abin da aka tsara shi ne a zaɓi makarantu wajen 180 a kowace ƙasa ta hanyar ƙuri'a, a ɗauki yara 20 na aji na shida a kowace. Kamar mai sayen hatsi ne da ke zura hannu cikin buhu ya ɗebo ya duba: in ya ɗebo sama da tsakiya da ƙasa, zai san buhun, ko da bai ƙidaya ƙwaya ba. Amma da wasu makarantun ne ƙuri'a ta faɗa wa, da lambar ta ɗan motsa, sama ko ƙasa, da ƴan maki kaɗan. Saboda haka ne a cikin rahotannin, kusa da kowace babbar lamba, ake samun wata ƙarama mai nuna girman wannan motsi. Ma'aikacin da ya tsallake ƙaramar, ya ga wannan yanki ya fi wancan da maki 4 ko 5, ya hau yabo da zargi, ya yi gini bisa rairayi. In aka sauko daga ƙasa baki ɗaya zuwa jaha ɗaya, makarantun da aka ɗeba sun ragu, motsin kuma ya ƙaru. In aka sauko zuwa gunduma ko lakwal guda, awon ba shi da abin cewa sam. Ba a yi shi domin a hukunta darektan wata makaranta ba, ba kuma yaron da aka taɓa ba takarda a ce ga makinka na PASEC.

Jahar Tawa kuwa ba wuri ɗaya ba ce. Ta taso daga iyakar Najeriya wajen Ƙwanni, ta ratsa duwatsun Adar, ta shiga Azawak har Tasara da Tiliya. Lamba guda da aka ce ta jaha ce ta haɗa ajin siminti na cikin gari, wanda ke buɗewa ranar da hukuma ta sa, da ajin rumfa na ƙauye, wanda sai an gama girbi an samu kara kafin a kafa shi. Yaran biyu sunan ajinsu ɗaya, amma watannin da suka zauna gaban allo ba ɗaya ba ne. Matsakaici yana rufe wannan kamar yadda bargo ke rufe mai ƙiba da ramamme.

Akwai kuma waɗanda ba su cikin buhun tun farko. Awon yana ganin yaron da ya kai aji na shida, kuma yana nan ranar da masu awo suka zo. Adar ƙasar ƴan cin rani ce, arewacinta kuma ƙasar makiyaya. Yaron da ya bi yayansa zuwa Kodibuwa ko Libiya, da wanda ya bi garke neman ruwa da bazara, da yarinyar da aka cire tun daga aji na huɗu, da wanda ba a taɓa rubuta sunansa ba, ba ɗayansu cikin 403 ko 471. Daga nan wani abin mamaki ke fitowa: inda masu rauni suka fi barin lakwal tun da wuri, makin waɗanda suka rage yana iya hawa, inda aka yi ƙoƙari aka riƙe kowa har aji na shida, yana iya sauka. Saboda haka ba a karanta wannan lamba ita kaɗai, sai an aje ta kusa da adadin yaran da suka shiga da na waɗanda suka kai ƙarshe.

Sai batun harshe. Karatun da aka auna a aji na shida a Nijar karatun Faransanci ne, yaron arewacin Adar kuwa da Hausa ko Tamajak ko Fulfulde ya tashi. In ya tsaya a mataki na 1, lambar ba ta rarrabe ko haɗa baƙaƙe ne bai iya ba, ko kuwa ya haɗa su daidai amma kalmar ce baƙuwa gare shi. Magani biyu ne dabam. A Burundi, wadda ta zo gaba a lissafi a 2014, da harshen Kirundi yara ke fara karatu, da shi aka kuma auna ƴan aji na biyu. Wannan bai isa hujja shi kaɗai ba, amma abin dubawa ne ga ƙasar da ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tun 1973 a Damagaram.

Uban da ke son sanin inda ɗansa yake, ba PASEC zai tambaya ba. Jarrabawar sartifika, wato CFEPD, wadda aka dakatar kimanin shekara goma kafin a maido ta a 2024, ita ce mai yanke hukunci kan yaro da sunansa, kuma a nan tambayar bisa nawa tana da amsa. Kwamitocin iyaye masu kula da makarantu, waɗanda shirin haɗin gwiwa da ƙasar Japan ya fara ƙarfafawa a jahar Tawa a 2004 kafin tsarin ya bazu cikin ƙasa, suna da damar tambayar malamai a gaban taron gari. Matakan nan da aka zana sun ba su kalmomin tambayar: cikin ƴan aji na shida na wannan lakwal, nawa ne ke gane kalma ɗai-ɗai kawai, nawa ke iya tono suna da rana cikin wasiƙa, nawa kuma za a miƙa wa takarda mai layi goma su karanta, su faɗa da Hausa abin da mai rubutun yake nufi.